Wasiƙa zuwa ga Malam Sabis, mai ɗauko karatu tsakanina da malamina

Zuwa ga Malam Sabis,
Mazaunin dogon ƙarfen nan mai jar fitila a ka.

Ina fatan kana lafiya, kodayake lafiyarka sai Allah ya san ta. Jiya da hantsi na gan ka garau da sandunanka huɗu, kafin azahar aka neme ka sama da ƙasa aka rasa.

Ni malamin firamare ne a nan Dandin Mahe, ƙaramar hukumar Shagari. Da girmana da iyalina na koma neman digiri a fannin addinin Musulunci a wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba, don ita ba ta yi mini komai ba. A wannan zangon muna da darasin Ulumul Ƙur'ani, kuma malaminmu ya yanke cewa rabin karatun ta waya za a yi shi. Duk Talata bayan isha'i a hau aji kai tsaye. A cikin mako kuma kowa ya rubuta fahimtarsa kan maudu'in da aka bayar, ya amsa wa ɗalibai biyu. Maki goma ke rataye a kan wannan. Tun daga ranar ka shiga tsakanina da malamina, ba tare da an tambayi ko ɗayanmu ba.

To, a karatunmu duk wanda ya shiga tsakanin mai faɗa da mai ji sunansa mai ruwaya, kuma malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bincike shi: mai gaskiya ne? Yana kiyaye abin da ya ji? Ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Na zauna na yi maka wannan bincike, Malam Sabis, na ga ya dace ka ji sakamakon daga bakina kafin ka ji a gari.

Abu na farko da na kama ka da shi, malamai na kiransa tadlisi, wato mutum ya nuna kamar ya ji alhali bai ji ba. Sanduna huɗu nake gani a goshin wayata, cif. In danna shiga aji, sai wani ɗan zobe ya kama juyawa kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya juya, ya juya, ni ina kallonsa, yana cin datar da na saya da kuɗin cefane. Da ka fito fili ka ce ba ka nan, da na haƙura na shimfiɗa tabarmata. Amma ka tsaya a bakin ƙofa da babbar riga kana murmushi, ciki babu kowa.

Saboda kai na san gidanmu fiye da maginin da ya gina shi. Na san cewa a zaure ba ka shiga. A ɗakin uwargida kana leƙowa ta taga da asuba kawai, sa'ad da babu mai buƙatarka. Bayan rumbu akwai sanda ɗaya in iska ta kwanta. Wurin da ka fi so shi ne reshe na biyu na dogon yaron da ke ƙofar gida, kuma can Kawu ya same ni wata Talata, fitilar waya a fuskata, littafi a cinya.

"Kai wanga yaro, mi kaka nema bisa icce da dare?"

"Karatu nika yi, Kawu."

Ya daɗe yana kallona. "In karatu na, sauko ka zamna. Mu dai ƙasa muka ga ɗalibi shina zama." Ya juya ya tafi masallaci yana girgiza kai, kuma har yau in an yi zancen digirina a gabansa sai ya ce Allah shi sawwaƙe.

Ranar da malam ya ce in karanta mana ayoyi kafin a fara sharhi, nan ka yi mini ɗanyen aikin da ya fi ba ni haushi. Na yi shekaru a makarantar allo da ruwayar Warshu, na sha wuya kafin harshena ya saba da Hafsu da ake biya mana a makaranta, na kwana biyu ina gyara. Malaman tajwidi sun ce maddi mafi tsawo haraka shida ne. Kai ka kama wasalina ɗaya ka ja shi har abokan karatu suka ɗauka na suma. A ruwayar Hafsu wurare huɗu ne aka sani ana yin sakta, ɗan tsayawar nan ba tare da jan numfashi ba. Kai ka raba mini ita kyauta a kowace kalma. Da na gama, malam ya yi shiru, sannan ya ce cikin tausayi, "Malam, a dai ƙara komawa gaban alaramma." Littafin Allah tsararre ne, babu abin da ya same shi. Mutuncina ne ya zube a gaban mutum arba'in.

Sai kuma abin da ake kira maƙlubi, a ɗauki na gaba a mayar baya. Makon da aka ba mu surorin Makka da na Madina, wani ɗan ajinmu ya rubuta cewa duk abin da ya sauka a cikin garin Madina shi ne Madani, abin da ya sauka a Makka kuwa Makki. Na ji daɗi, don wannan na san shi. Maganar da ta fi shahara wurin malamai ita ce Hijira ce ma'auni, ba gari ba: abin da ya sauka kafinta Makki ne, na bayanta Madani, ko da a Makka ya sauka. Har misali na tanada, ayar nan ta Suratul Ma'ida da ta sauka a Arfa a Hajjin Bankwana, wadda ake lissafa ta Madani alhali Arfa tana gefen Makka. Na fara da gajeren saƙo, "Wannan kuskure ne babba, a koma a sake karatu," da niyyar hujja ta biyo baya. Ka riƙe saƙon nan a aljihunka minti ashirin. A cikin minti ashirin ɗin malam ya shigo ya yi dogon bayani, daidai da abin da nake shirin faɗa. Yana rufe baki ka saki nawa, ya faɗo a ƙarƙashin nasa. Hujjar kuwa ba ka kai ta ba sai washegari da walaha.

Kwana uku ina ba da haƙuri. Malam mutumin kirki ne, ya ce ba komai, amma tun daga lokacin in zai kira ni sai ya ce, "To, bari mu ji daga mai gyara mana."

Da damina kuwa ba a magana. Hadari na haɗowa daga gabas kake ruɗewa kamar tsohon da ya fara mantuwa, ka haɗa muryar malam da kukan jaririn wata, ka sa zakaran wani ya yi cara a tsakiyar darasin nasihi da mansuhi.

Abin da ke ƙara ba ni mamaki, ƙasar da ka zo kake wannan hali ba baƙuwar karatu daga nesa ba ce. Nan kusa da mu, a Sifawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga a lokacin, shi ne mai tafsirin Liya'ut Ta'awili da ya kammala a shekara ta 1231 bayan Hijira, daga baya ya yi wani gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, a kan ruwayar Warshu, don mutane irina. Da alƙalamin kara da tawada aka kwafe su, aka sa a gafaka, aka ɗora wa jakuna da raƙuma, suka isa inda za su isa babu shafin da ya tsaya yana juyawa a hanya. Nana Asma'u ta naɗa jajis, ta ɗora musu malafa, suna zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su biya wa mata 'yan'uwansu. A ƙafa. Kafin su duka, Imam Suyuɗi, wanda ya ƙarasa Tafsirin Jalalaini da ake ja mana duk azumi, ya aiko da wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga sarakunan Agadas da Katsina, ta ratsa Sahara ta iso. Suyuɗi ya rasu a 1505. Kai ka shigo Najeriya a 2001 da kiɗa da talla, amma daga Sakkwato zuwa Dandin Mahe kana ɓatar da saƙon murya na minti ɗaya.

Na san a Satumban 2021 an rufe ka a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wannan da dalili aka yi, aka kuma sanar. Na san kuma ƙarfen da kake zaune a kai da dizal yake rayuwa, ɓarayi na sace batiransa, masu aikin hanya na tsinke wayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa. Duk na ji. Sai dai a farkon 2025 da aka amince a ƙara maka kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data, wannan labarin bai yi jinkirin minti ɗaya ba wurin iso mu.

Yanzu bari in faɗi nawa, don malamai sun ce mai binciken mutane ya yi adalci. Sau biyu a wannan zango na ce wa malam "sabis ne" alhali barci ne. Sau ɗaya kuma wayar tana wurin mai caji, na tsaya hira a teburin mai shayi har ya rufe shago. Ba ni kaɗai ba. Duk ajinmu a kanka muke sauke kaya, ka zama kura da shan bugu. Akwai wanda bai taɓa buɗe littafin Itƙan ba tun da aka fara, amma duk mako sai ya cika sharaɗin amsa wa mutum biyu. Ga na farko ya rubuta, "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Ga na biyu, "Ina goyon bayan mai magana." Wannan kam kana isar da shi nan take, ban san dalili ba. Akwai mai kwafo shafi guda na Larabci ya liƙa mana, in an ce ya fassara sai ya ɓace, ya dawo bayan an tashi yana cewa kai ka fitar da shi. A zaure ba a wannan. Kana gurfane gaban malam, ka ja baƙi ya fassara, ka ce na'am, ya dubi idonka ya gane na'am ɗin nan ba ta kai ciki ba, ya ce a sake. A waya kowa ya rufe fuskarsa, malam yana magana da baƙaƙen akwatuna masu sunaye, bai san wa ke rubutu ba, wa ke cin tuwo.

Kuma ban manta alherinka ba. A ajinmu akwai wata baiwar Allah, matar aure mai 'ya'ya biyar a wani ƙauye da ya fi namu nisa da kwalta. Ba don kai ba da ba ta ga ƙofar wannan karatu ba. Ƙarfe biyun dare take rubuta nata, sa'ad da yara suka yi barci kai kuma ka wartsake. Makon sababin saukar ayoyi ita ta warware mana abin da maza talatin suka kwana suna ja-in-ja a kai, cewa ayar da ta sauka saboda mutum ɗaya hukuncinta na iya game kowa, don gamewar lafazi ake dubawa. Malam ya ce kowa ya koma ya karanta nata sau biyu. Na karanta sau uku, a kan dogon yaro. Ni ma kaina, in da duk Talata sai na shiga mota zuwa birni, albashina ba zai kai tsakiyar wata ba.

Shi ya sa hukuncin ya yi mini wuya. Ban sa ka cikin maƙaryata ba, don ba ka taɓa ƙirƙiro maganar da ba a faɗa ba. Ban kuma ce a watsar da kai ba, don in na watsar da kai ban da wani. Na rubuta a bayan littafina cewa Malam Sabis mai rauni ne, kiyayewarsa ba ta da kyau, yana ruɗewa da damina, ana rubuta abin da ya kawo amma ba a kafa hujja da shi sai an sami mai ƙarfafa shi. Mai ƙarfafawar shi ne shugaban ajinmu, wanda nake kira duk Laraba da safe ya maimaita mini abin da malam ya ce. Kiran ma ta hannunka yake bi.

Roƙona ɗaya ne. Talata mai zuwa ni zan gabatar da bayani kan yadda aka tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar da Sayyidina Usmanu, kuma makin nan goma a kansa suka dogara. Daga ƙarfe takwas da rabi zuwa tara da rabi na dare, don girman Allah ka zauna wuri ɗaya. Ban ce sanda huɗu ba, biyu na gaskiya sun ishe ni. In da hali ka sauko ƙasa, ko bayan rumbu ne, don reshen nan na biyu ya fara tsagewa.

Wasiƙar nan da biro na rubuta ta, kuma da hannuna zan kai wa mai gadin ƙarfenka.

Naka mai haƙuri da kai,
Wani ɗalibi,
Dandin Mahe.