Sarkin Hayaƙin Jamus

Yaya,

Sanyi ya kankama a Bonn, kuma yau zancen hayaƙi na kawo maka.

A Jamus kowace unguwa tana da nata mai sharar bututun hayaƙi, kuma hukuma ce ke naɗa shi. Baƙaƙen kaya yake sawa masu maɓallai ruwan zinare, wani har da doguwar hula, ga buroshi rataye a kafaɗa. Da a garinmu Tofa ne, da tuni an ɗaura masa rawani an ce Sarkin Hayaƙi, ya zauna kusa da Sarkin Pawa, maroƙa na zuba masa kirari. Ka sayi murhun itace da kuɗinka, ka kafa a falonka, amma ba ka isa ka ƙyasta ashana ba sai ya zo ya duba inda bututun murhu ya haɗu da hanyar hayaƙi, ya tabbatar ba ya yoyo, ya auna tazararsa da katako. Sannan doka ta ce ya sake dubawa sau biyu cikin shekara 7, ban da sharar da ake yi duk shekara. Ko amarya ba a yi mata wannan sintiri!

Yi dariyarka, amma gaskiyarsu ce. Ɗanyen itace idan ya ci, hayaƙinsa yana barin wani baƙin danƙo kamar kwalta a jikin bututu. Ranar da danƙon ya kama, zafinsa yana wuce digiri 1000, kuma ba a zuba masa ruwa, don lita ɗaya tana komawa tururi wajen lita 1700, bututun ya tsage. Shi ya sa suke jera itace a gefen gida ya yi shekara biyu yana bushewa, a tsare kamar buhunan gero a rumbu.

Za ka ce mu ba mu da bututu, ina ruwanmu. To, ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin girkin Inna. Kunkunniyar da ta lulluɓe azara, ƙanwarta ce ke shiga ƙirjin mai tuƙa tuwo da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Za ka kuma ce hayaƙi yana korar sauro da gara. Haka ne, amma gidan sauro yana maganin sauro ba tare da ya sa kowa tari ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kaskon gawayi da ake shiga ɗaki da shi a hunturu a rufe ƙofa, don gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Don Allah kafin hunturu ka sa magini ya huda taga a saman bangon ɗakin girki, a kankare kunkunniyar, a matsar da tarin kara daga gindin murhu, kasko kuma ya kwana a waje. Na naɗa ka Sarkin Hayaƙin gidanmu, hular na nan tafe.

Da magariba a nan bututu ne jere a kan rufi, kowanne na fitar da hayaƙinsa, ba ko ɗaya mai ƙamshin daddawa.

Ƙaninka.