Malaman Batir a Rumfar Mai Caji

Daga kasuwar Farm Centre a Kano har zuwa tashar motar ƙaramin gari, duk inda aka jera wayoyi a kan katako, janareta na kuka a gefe, za ka tarar da mutanen da suka gama sanin batir, wuta da gwamnati. Gardamarsu ba ta ƙarewa saboda babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa na riƙe da wata gaskiya, sai dai ko wa'adinta ya wuce, ko ya ɗora ta inda ba muhallinta ba.

Akwai dattijon da ya fara riƙe waya tun shigowar salula Nijeriya a 2001. In ɗansa ya sayo sabuwa zai ce, "Kai yaro, kada ka kunna ta sai ta kwana a wuta, kuma kada ka ƙara jona ta sai ta mutu murus." Ɗan zai ce "To, Baba," ya zagaya bayan gida ya kunna abarsa. Hukuncin dattijon yana da asali, domin batura masu sinadarin nikel na wancan zamani sukan rage ƙarfi in ana yi masu rabin caji kullum. Amma batirin lithiyom, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991 kuma yake cikin kowace Tecno da Itel a yau, halinsa daban ne. Abin da ke tsufar da shi shi ne a zuƙe shi har ƙasa, ko a bar shi cike cikin zafi. A garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, wayar da aka manta a gaban mota ta fi wadda aka cire a rabin caji shan wahala.

Kusa da shi akwai mai tura saƙon murya, wanda kowane saƙonsa ke ƙarewa da "don girman Allah a tura wa 'yan'uwa." Shi ya san waya bam ce, kuma yana da hujja: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa bayan wasu sun kama da wuta, har Amurka ta hana shiga jirgi da ita. Haka ne, batirin lithiyom na iya ci da wuta, don siririn bango ne ya raba ɓangarorinsa biyu, ruwan da ke ciki kuma mai kamawa ne. In an huda shi, ko an lanƙwasa, ko ya yi zafi fiye da kima, sai ya tayar wa kansa gobara. To amma duba wayar malamin namu. Batirin ya kumbura har marfin baya ya ɗaga, ya ɗaure da robar ɗaure kuɗi yana cewa ai har yanzu tana riƙe caji. Kumburin nan iskar gas ce ta taru a ciki, alamar batirin ya lalace ke nan. Cajarsa ta bakin titi ce marar suna, wadda ba a san me ya tsare tsakanin wutar soket da hannunsa ba. Da dare yana tura wayar ƙarƙashin matashi tana caji, janareta kuma a zaure saboda ɓarayi, alhali hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, wadda ta sha hallaka iyali guda suna barci. An bar jaki ana dukan taiki.

Mai fawa banki ba ya buƙatar dogon bayani. An rubuta masa 50,000 a jikinta, nauyinta bai kai na sabulu ba, shi kuwa ya yarda. Ko ta gaskiya ce ba ta ba ka duk abin da aka rubuta, domin wajen ɗaga wuta daga bolt 3.7 zuwa 5 da asarar zafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na lambar kan tafi.

Wanda ya fi kowa zafin wa'azi shi ne sabon shiga sola. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura dubu a 2024, wannan bawan Allah ya ɗora faifai a kan kwano ya fara tausaya wa masu jarka. "Alhaji, har yanzu kana ƙona kuɗinka? Rana fa kyauta ce." Ranar kyauta ce, kuma arewa ta fi kudu samunta, amma ajiye ta zuwa dare da kuɗi ake yi. Lissafinsa yakan tsaya a ranar da mai haɗawa ya sauko daga tsani. Bai sa kuɗin sauya batir ba, bai ji lokacin da aka ce masa batirin ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi ba, bai sa ƙurar hunturu da ke rufe faifan ba. Sai uwargida ta jona dutsen guga, yara su kunna firiza, inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Kafin a je ko'ina batirin ya gaji, shi kuma ya dawo majalisa da sabuwar fatawa cewa duk kayan Sin jabu ne, yana faɗa yana latsa Infinix, wadda kamfanin Transsion na Shenzhen ya ƙera.

Sai ɗan siyasar rumfa, wanda ko cajarsa ce ta ƙone zai ce gwamnati ce. Ana yi masa dariya, amma a ganina ya fi sauran kusa da gaskiya. Har yau NEPA yake zagi, ko da yake an sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin raba wuta a 2013, KEDCO ta ɗauki Kano, Katsina da Jigawa. Sunan ne ya ɓace masa, ƙorafin na nan daram. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da bai cika wuce megawat dubu biyar ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit bisa alkawarin wutar awa 20, a Oktoban shekarar kuma jihohin arewa da dama suka shafe sama da mako a duhu. Mutanen Yamai da Maraɗi ma sun gani a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke masu wuta bayan juyin mulkin Yuli. Inda yake ɓata rawarsa shi ne ra'ayinsa na bin katin jam'iyya: in nasa ne a sama, laifin masu sare turaku ne, in na wasu ne, rashin iya mulki.

Wani zai ce bai dace a yi wa waɗannan mutane ba'a ba, talakawa ne da ke neman mafita a inda hukuma ta gaza. Na yarda da rabin maganar. Rashin wuta ne ya sa kowa ya zama injiniyan dole, amma ba NEPA ce ta ɗaura robar a kan kumburarren batir ba, kuma fitar da janareta waje ba ya jiran kasafin kuɗi. Rabin da na yarda da shi kuwa ya faɗa kan ɗan bokon rumfar, mai gyara wa kowa zance, wanda ya karanta cewa a riƙe batir tsakanin kashi 20 da 80. Shawarar daidai take a kimiyyance, sai dai an tsara ta ne don wanda ya san soket ɗinsa zai amsa gobe. Shi kansa in aka kawo wuta ƙarfe biyun dare ba ya zaman jiran ta kai 80. Waya, fawa banki, tocila da fanka mai caji yake cusawa a soket ɗaya, ya koma barcinsa.