Babin da Malaman Hoto Suka Manta

Malaman ɗaukar hoton namun daji sun yi ittifaƙi a kan wasu sharuɗɗa, waɗanda wani ƙanena ma'abocin wannan fanni ya karanto mini dalla-dalla ranar da ya ara mini kyamararsa mai dogon hanci: a fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, sa'ad da hasken rana ya yi taushi, a saita a kan idon dabba, ba a kan gindinta ba, in tana gudu, a sa ƙiftawar kyamara ta zama kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, sa'an nan, wanda ya kira farilla, a riƙe batir na biyu cikin jaka. Na haddace su sarai, na tasam ma Yankari ta ƙasar Bauchi, dajin da aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, cikin bazara, lokacin da ƙishirwa ke tilasta wa giwa da ɓauna da gwanki hallara a bakin kogin Gaji, ko suna so ko ba sa so.

Amma babu malamin da ya yi babi a kan hukuncin dabbar da ita ce ke nemanka. Ina cikin ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ba ya gusawa daga digiri 31 rani da damina, sai ga wani gwaggon biri, dattijo mai haiba da natsuwa, ya sauko ya zauna daura da jakata, ya zuge zif ɗinta da ƙwarewar wanda ya daɗe cikin sana'a, ya zari burodina. Da na daka masa tsawa, ya dube ni duban raini, ya ga ashe ban san ladabi ba, sai ya haɗa da jakar baki ɗaya, da farillar da ke cikinta, ya haye bishiya.

Duk da haka na shiga motar zagaya daji da yamma, ina tawakkali. Na ƙarar da mafi yawan batirin da ya saura a kan gyado da zabin daji, alhali ɗan rakiya yana ta raɗa mini, "Alhaji, rage na manya." Rana na gab da faɗuwa sai direba ya kashe mota, domin ga toron giwa ya ɓullo daga cikin kurmi, kusa ƙwarai, har ina jin gurnanin cikinsa. To, dogon hancin nan an yi shi ne domin jawo nesa kusa, ba shi da wata dabara ga abin da ya riga ya iso. Na leƙa neman ido kamar yadda sharaɗi ya hukunta, ban ga kome ba sai fata toka-toka mai tsage-tsage ta cika duniya, hannuna na kaɗawa, bakina na innalillahi. Na danna sau ɗaya, kyamara ta yi baƙi ƙirin.

Da na komo gida na nuna wa uwargida hoton, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, in dai faso kake son ɗauka, ai da ka cire takalminka, ka huta da kuɗin mota."