Mutanen Sabuwar Unguwa

Duk wanda ya bi titin Gwarzo ya wuce Kabuga, ya doshi Rijiyar Zaki da Danbare, zai ga yadda Kano ke cinye gonaki tana haifar gidaje. A unguwannin awon igiya irin waɗannan, ruwa da wuta da magani duk a hannun maƙwabta suke, kuma kowa da halinsa.

Dillali za ka fara gamuwa da shi. A bakinsa kowane gida "minti biyar ne zuwa titi", bai dai ce a ƙafa ko a jirgi ba. Da rani yake kai mutum ganin gida. In ka tambayi kwarin da ke ƙofar gidan, sai ya ce ai an riga an auna, kwalbati za a yi. Sai Agusta ta kama za ka gane har da rafi ka saya.

Sai Alhaji mai burtsatse, wanda ko mai unguwa sai ya rage murya in zai yi masa magana. Da can sadaka yake yi da ruwan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sadakar ta koma ranar Juma'a kawai, sauran kwanaki 'yan garuwa ne ke jera kurarsu suna biya. In ɗanka ya mari ɗansa, za ka je ba da haƙuri. In ɗansa ne ya mari naka, kai ɗin dai za ka je, ka kuma yaba ƙarfin hannun yaron.

Shugaban kwamitin taransifoma ba ya rabuwa da littafi a hammata. Liman na sallame sallar Asuba zai miƙe: "Jama'a, a ɗan dakata." Nan take masu lazimi kan tuna sun bar ƙofa a buɗe. An yi karo-karon sayen taransifoma, an yi na gyaranta, an yi na wayar da aka sace, yanzu ana na mai gadin wayar. Shi kuwa, Allah ya ƙara buɗi, sola ce a gidansa.

Mai kemis "Likita" ake kiransa, bai taɓa musantawa ba. Ko tuntuɓe ka yi, maleriya ce da taifot.

Wanda na fi tausayi shi ne ɗan cikin gari. Gangar jikinsa ce kaɗai ta tare, ransa na Mandawari. Aski sai can, nama sai can, gurasa sai ta Jakara. Kuɗin da yake ba masu Adaidaita Sahu a wata ya isa sa wa ɗakin yaransa silin. Kullum yana ƙorafin mutanen nan ba su da zumunci, alhali bai san sunan wanda suke haɗa katanga ba.

Akwai kuma mai dogon gini, wanda aka ce a Abuja yake aiki. Ba a taɓa ganinsa a ɗaurin aure ko jana'iza ba. Yaran layi sun gaji da tambayar sunansa, suka sa wa gidan "gidan kare", kuma da shi ake kwatance yanzu, har a katin biki.