Motar da Ake Kunna Wa Esi Don Ta Ƙara Gudu

Na san tun daga kanun nan wasunku sun fara kallon juna. Direban tasha ya ce wannan marubuci bai taɓa riƙe sitiyari ba. Bakanike ya goge hannu da tsumma ya ce a ƙyale shi, ɗan boko ne. Alhaji kuwa, wanda ke kashe esi tun daga gindin tudu, ya bar iyali suna fifita da mayafi don kada mota ta wahala, ko kallo ban ishe shi ba. To ku gyara zama. Akwai motar da esi ke ƙara wa ƙarfi, kuma ba a teburin mai shayi aka haife ta ba. Kamfani ne ya ƙera ta, mutane suka kai kuɗinsu suka saya.

Bari in fara ba ku haƙƙinku, kada a ce na ci zalin manya. Gaskiyarku, esi na cin ƙarfin inji. Kwampiresonta da bel yake aiki, bel ɗin kuma inji ke juya shi, shi ya sa ƙaramar mota ke yin nishi da zarar an danna maɓalli. Wannan babu musu. Sai dai kun riƙe rabin karatu kun rufe littafi.

Inji ba fetur kaɗai yake sha ba, da iska yake haɗawa. Duk yawan man da ka tura masa, in babu iskar da za ta ƙone shi, hayaƙi kawai za ka yi wa na bayanka. Saboda haka masu ƙera motocin gudu suke ɗora wa inji turbo ko sufacaja, wato abin da ke danna iska cikin silinda da ƙarfin tsiya. Matsalar ita ce iska ba ta son matsi. Duk wanda ya taɓa bututun famfon keke bayan ya gama ba taya iska ya san yadda yake ɗaukar zafi. A cikin sufacaja abin ya fi haka nesa ba kusa ba, iskar na iya fitowa da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Iska mai zafi kuwa fitina biyu gare ta: ta buɗe ta yi sako-sako, sannan tana sa mai ya kama da wuta da kansa ba a kan ƙa'ida ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Da kwamfutar mota ta ji alamar wannan ƙwanƙwasar sai ta jinkirta wutar fulogi don kada fistin ya narke. Kana taka totur har ƙasa, ita kuma tana can tana rage maka ƙarfi a ɓoye.

Ga bakanike nan ya ɗaga hannu: «Ai wannan tsohon labari ne, shi ya sa aka yi intakula.» Madalla, oga, ashe ana karatu a gareji. Intakula lagireto ce ta iska. A wasu motocin iskar waje ce ke hura ta kai tsaye. A wasu kuma ruwa ne ke zagayawa ya kwashi zafin, ya kai shi wata ƙaramar lagireto a gaban mota, ya huce, ya dawo. Amma amsa mini wannan: ruwan da iskar gari ke sanyayawa, zai taɓa fin iskar gari sanyi? In ana zafin digiri 40 irin na Sakkwato a watan Afrilu, ko lagireton ta kai girman ƙofar gari, ruwan ba zai sauka ƙasa da 40 ba. A duk faɗin mota abu ɗaya ne ke iya yin sanyin da ya fi na gari. Faɗi sunansa mana, kada ka ji kunya. Esi.

Nan kamfanin Dodge na Amurka ya shigo. A watan Afrilun 2017 ya baje wata mota a birnin Niyok mai suna Challenger SRT Demon, ƙirar 2018. Injinta silinda takwas, lita 6.2, da sufacaja mai lita 2.7 da ke danna iska har ta kusan ninka wadda injin zai shaƙa da kansa. A jikinta aka sa wata dabara da suka kira Power Chiller. In direba ya sa motar a tsarin tsere, gas ɗin esi ba ya zuwa cikin mota, sai a karkatar da shi zuwa wani ɗan akwatin ƙarfe inda yake gogayya da ruwan intakula. Ruwan ya fara bi ta lagireton gaba ya sauke abin da zai iya saukewa, ya shiga akwatin nan ya yi sanyi ƙarara, sannan ya wuce cikin sufacaja ya tari iska. Dodge ya ce hakan na iya rage zafin iskar da kusan digiri 25 a ma'aunin da muka saba da shi. Da man tsere motar na ba da ƙarfin doki 840, da fetur mai kyau na gidan mai 808. Mita 402 na filin tsere ta cinye su cikin daƙiƙa 9.65, tana gudun kilomita 225 a awa. Kafin Alhaji ya gama lalubo giya ta biyu, ita ta isa.

Yanzu kuma ga malamin kimiyya ya gyara tabarau, shi ne mai tambayar da ta fi ta kowa nauyi: «Ka ɗebi ƙarfi daga inji ka juya kwampireso, sannan ka ce ƙarfin ya dawo da riba? Ai ba a samun ƙarfi daga banza.» Allah gafarta malam, ba wanda ya ce daga banza ne. Ƙarfin yana cikin fetur tun asali. Sanyi ba ya tura mota, abin da yake yi shi ne ya kwantar wa kwamfuta hankali ta daina jan birkin ɓoye, inji ya ƙone mansa a lokacin da ya fi amfani. Kuma esi ba ƙera sanyi take yi ba, kwashe zafi take daga wuri ta zubar a wani wuri, abin da take kwashewa kuwa ya fi ƙarfin da take ci.

Babban sirrin ma a lokaci yake. Abin kamar adashe ne: zubi kaɗan-kaɗan, kwasa a dunƙule. Mota na tsaye a layi tana jiran a kira ta, inji ba shi da wani aikin kirki, esi na ta zuba sanyi cikin ruwa. Da fitilar filin tsere ta ba da hannu sai a kwashe duka cikin daƙiƙa goma. Kamfanin Ford ya riga Dodge nuna wannan lissafi a fili. A 2003 ya baje samfurin akori-kurarsa F-150 Lightning da wata na'ura mai suna SuperCooler, inda esi ke sanyaya ruwa a wani ɗan tanki, in ana bukata a juye shi cikin intakula a samu ƙarin doki kusan 50 na abin da bai kai minti ɗaya ba. Waccan ba ta shiga kasuwa ba. Dodge ne ya zo bayan shekaru ya kai abin hannun masu saye.

To direba fa, me ya samu? Gumi. Mutum ya biya kusan dala 85,000, ga hular kwano a ka, gilashi a rufe, rana na dukan kwalta, sanyin duk an kai wa inji. Su kuma masu filin tsere murna suke, domin dama ba sa son a hau layi da esin cikin mota a kunne: ruwan da take ɗigarwa yana jiƙa hanya, tayar na baya ta yi santsi. Har bayan an kashe motar, fanka da famfon ruwa na ci gaba da aiki don sufacaja ta huce kafin zagaye na gaba. Direban tasha kuma ga naka: motar da kujera ɗaya tak aka fito da ita, ta direba, don a rage nauyi. Wanda ya so kujerar mai zaman banza, dala ɗaya ya biya; ta baya ma dala ɗaya. Guda 3,300 aka ƙera, 3,000 na Amurka, 300 na Kanada. Ka ga ke nan ba za a yi lodin huɗu a baya biyu a gaba da ita ba.

Kada kuma wani ya ji daɗin labari ya ruga gareji da tsohuwar Golf a ce a juya mata bututun esi. Motar da ba ta da turbo ko sufacaja ba ta da wannan zafin matsi da za a kwashe, wahalar banza za a yi, a ɓarar da gas. Ko a mai sufacajar ma, esi ƙarama ce in aka gwada da zafin da inji ke haifarwa sa'ad da aka taka shi har ƙasa. In ka miƙe hanyar Kano zuwa Kaduna ba ɗaga ƙafa, sanyin da aka tara zai ƙare tun ba ka yi nisa ba, sauran aikin ya koma wuyan lagireto. Dabara ce ta gajeren zango, kuma a nan ba ta da wasa: da Dodge ya fitar da Demon 170 a 2023, mai doki 1,025 wadda ta yi mita 402 cikin daƙiƙa 8.91, bai bar ta a baya ba.

Saura sharaɗi ɗaya kafin mu ci gaba da gardama. Duk wannan hikima sai da esi mai rai take aiki: gas cike, kwampireso lafiya lau, ba yoyo. Saboda haka duk mai son ƙara musu ya fara zuwa ya tayar da motarsa, ya danna maɓalli, ya kara tafin hannu. Wanda iska mai sanyi ta fito masa ya dawo, ina nan ina jiransa. Wanda kuma ƙura da ɓawon gyaɗa suka feso masa a fuska, ya wuce wurin mai gas tukuna, ma yi zancen dawakai 840 in ya dawo.