Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Da'irar Zance ta Wasan Mass Effect

Takarda ta fito daga hannun ɗaya daga cikin talakawanki masu riƙe da madanni, zuwa ga mai daraja Da'irar Zance, ma'abuciyar gurabe shida, wadda take bayyana a gindin allo duk sa'ad da Kwamanda Shepard ya yi nufin buɗe baki. Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da tambayar lafiyarki da ta iyayen gidanki da ke birnin Edmonton a ƙasar Kanada.

Amma ba'adu, ranki ya daɗe, tun daga watan Nuwamba na 2007, sa'ad da kamfanin BioWare, wanda waɗansu matasan likitoci suka kafa a 1995, ya fito da ke a kan na'urar Xbox 360, ya ɗora ki cikin jirgin Normandy, ya tura ki tsakanin taurari zuwa shekara ta 2183, jama'a ba su gushe ba suna jayayya a kan sha'aninki, waɗansu suna cewa ke ce kika 'yanta mai wasa daga zaman ɗan kallo, waɗansu kuwa suna cewa ba ki yi kome ba face shafa wa kurkukunsa fenti. Ni kuwa, da yake na daɗe ina juya ki da babban yatsa, na ga ya fi dacewa in bar yi da ke a bayan ido, in rubuto miki kai tsaye, domin malamai sun hana giba, ban kuwa ji sun yi togaciya ga da'ira ba.

Zan fara da ambaton alherinki, don kada a ce hassada ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Kafin zuwanki, a wasannin gidanku na da, irin su Knights of the Old Republic na 2003, mutum yakan tarar da jimloli cikakku an jera masa ɗaya bisa ɗaya, ya karance su duka, ya zaɓi guda, jaruminsa kuwa bebe ne, kowa a cikin labarin yana da murya sai shi. Da kika zo, sai kika taƙaita kowace magana zuwa 'yan kalmomi, kika ajiye tambayoyin neman bayani a hagu, kika ajiye abin da zai tura zance gaba a dama, sa'an nan kika bar masu murya, Mark Meer ko kuwa Jennifer Hale ga wanda ya zaɓi Shepard mace, su furta sauran da bakinsu, har hira ta riƙa gudana ba tare da an tsaya ana karatu ba. Wannan dabara ta kai ga an je ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka an yanko miki takardar mallaka, darajar da hirar dattawan ƙofar gida ba ta taɓa mafarkin samu ba.

Sai dai a cikin wannan alheri naki ne aibinki na fari ya ɓuya, domin kin zama tamkar tafintan zamanin Turawa, wanda talaka zai ce masa a roƙi Bature sassaucin haraji, shi kuwa ya juya ya faɗi abin da ya ga dama, sai talaka ya ga fuskar Bature ta yi ja bai san dalili ba. Mutum yakan zaɓi kalmomi masu kama da jan kunne, sai ya ji Shepard ya ɗora musu barazana da gatse waɗanda ba su taɓa shiga niyyarsa ba, alhali kuwa shi za a rubuta wa sakamakon. Wannan ƙaramin laifi ne, ana iya yafe shi.

Wanda ba shi yafuwa da sauƙi shi ne sha'anin launuka. Kin ɗauki halayen ɗan Adam, masu yawan rassa da saɓani, kin raba su gida biyu, shuɗi na salihai a sama, ja na kangararru a ƙasa, kin kuma kafa mizani a gefe kina auna wa mutum maki, ta yadda ba a daɗe ba yatsa ya haddace hanyarsa, ya riƙa tafiya sama ko ƙasa tun ido bai karanta abin da aka rubuta ba. A wasa na biyu, na 2010, abin ya tsananta ƙwarai. Idan abokan tafiyar Shepard, Miranda da Jack, suka kaure da faɗa a cikin jirgi, ko Tali da Legion, maganar da za ta sulhunta su tana nan a jikinki, mutum yana ganinta, amma an dusashe ta ba ta taɓuwa, sai ga wanda ya tara isasshen shuɗi ko isasshen ja. Wanda kuwa bai tara ba tilas ya goyi bayan ɗaya, ya rasa amincin ɗayan, rashin da kan iya zama ajalinsa a harin ƙarshe. Sakamakon haka shi ne, mutumin da yake duban kowace mas'ala da idon alƙali, ya yi sassauci inda sassauci ya dace, ya tsananta inda tsanani ya dace, shi ne wanda kika hukunta, wanda kuwa ya rufe ido yana tura yatsa sama daga farko har ƙarshe shi ne kika naɗa mai sulhunta jama'a. Alherin da ake yi don a ga ma'auni ya cika, malamai suna da suna da suke kiransa da shi, ba kuwa ikhlasi ba ne. Jan naki ma bai tsaya wuri ɗaya ba: wani lokaci yakan zama hukunci mai ɗaci wanda yaƙi ya tilasta, wani lokaci kuwa rashin tarbiyya ne tsagwaronsa, kamar naushin da aka halatta wa Shepard ya kai wa 'yar jarida Khalisah al-Jilani a kowane ɗaya daga cikin wasannin uku. Da Mass Effect: Andromeda ya fito a 2017, sai muka ga an cire miki launukan nan biyu an musanya su da salon magana huɗu, muka ɗauki wannan a matsayin tuba, ko da yake ba a yi shelarta ba.

Akwai kuma masu tuhumarki da abin da ya fi wannan girma, watau cewa zaɓin da kike bayarwa duk sura ne babu haƙiƙa, hujjojinsu kuwa ba na wasa ba ne. Wanda ya kashe sarauniyar Rachni a Noveria cikin wasa na fari, yana zaton ya shafe irinta daga duniya, yakan iske a wasa na uku maƙiya sun ƙera wata a madadinta, a cikin kogon da mai tausayin da ya sake ta zai iske tasa. Wanda ya zaɓi Anderson ya wakilci 'yan Adam a Majalisar Citadel, yakan wayi gari ya ga Udina a kan kujerar. Kusan kowane jarumin da zai iya mutuwa an tanadi na'ibinsa a bayan labule, yana jiran a kira shi. A nan ni ba na cikin masu jifanki, domin lissafi yana bayanki: in da kowane zaɓi zai raba labari biyu rabuwa ta har abada, zaɓi 10 sai ya haifi hanyoyi 1,024, zaɓi 20 kuwa ya haura miliyan, kowace hanya tana bukatar marubuci da mai zane da mai murya, kowannensu kuma yana jiran albashi. Malaman ilmin tauhidi sun shafe ƙarnoni suna bahasi tsakanin Jabariyya masu cewa bawa tilasta shi aka yi, da Ƙadariyya masu cewa shi ne mai halittar aikinsa, har Imamu Ash'ari ya zo da maganar kasbu a tsakani. Allah ya tsarkaka daga a misalta ikonsa da na marubutan wasa, amma ɗalibin da ya taɓa zama a gaban wannan darasi ba zai yi mamakin ganin aikin da wani ya rubuta tun da daɗewa, wani kuma ya ɗauki nauyinsa a ransa don shi ya miƙa hannu ya zaɓa ba.

Abin da kawai zan roƙa a wannan babi shi ne a riƙa kula da sijili. Conrad Verner, bawan Allah mai yawan bin Shepard da neman sa hannu, kuskuren ajiya ya sa a wasa na biyu yana ba da shaidar cewa an ɗora masa bindiga a fuska, har a gaban waɗanda suka lallashe shi da tattausan harshe, sai a wasa na uku aka sa shi ya ba da haƙuri. Ƙazafi ne aka yi wa dubban salihai, aka kuma bar su da shi shekara biyu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa, duk da waɗannan ƙorafe-ƙorafe, ban iya rabuwa da ke ba. A Virmire, cikin wasa na fari, sa'ad da bam yake gab da tashi, abokan tafiya biyu suna rabe, Ashley Williams tana wuri guda, Kaidan Alenko yana wani, lokaci kuwa ba zai isa a kai ga duka biyu ba, ba ki nuna shuɗi ba, ba ki nuna ja ba, ba ki ajiye wata magana ta hikima ga mai yawan maki ba. Hanya biyu kawai kika shimfiɗa, kika yi shiru, wanda aka bari kuwa sunansa yana nan a rubuce a bangon tunawa na jirgin a wasa na uku. Ranar nan ce aka ga yatsan da ya saba gudu ya tsaya cik.

Wanda ya fi wannan shi ne al'amarin Tuchanka, mahaifar Krogan. Ƙabilar Krogan, bayan tawayen da suka yi fiye da shekara 1,000 kafin zamanin Shepard, an sakar musu annobar da Salarian suka haɗa, Turian suka watsa, wadda ta sa cikin haihuwa 1,000 guda ɗaya ke zuwa da rai. Mordin Solus, likitan nan mai saurin magana da son waƙa, yana cikin waɗanda suka sabunta annobar da hannunsu, ya kuma shafe wasa na biyu yana kare aikinsa da hujjojin lissafi waɗanda mai sauraro yake jin ba su gamsar da mai faɗinsu ba. A wasa na uku shi ne mai ɗauke da maganin zuwa saman hasumiya, shugabar Salarian kuwa ta riga ta yi wa Shepard tayi a asirce, cewa in ya bar maganin ya lalace za ta ba shi rundunarta. To, kalmomin da suke bayyana a jikinki a wannan wuri kusan iri ɗaya ne ga kowa, amma nauyinsu ya dogara ga abin da mutum ya shuka tun shekarun baya. In Wrex, abokin tafiyar Shepard daga Krogan, ya tsira daga Virmire, Krogan suna hannun shugaba mai neman gyara, warkar da su adalci ne, cin amanarsu kuwa zai ƙare da Wrex ya gano, ya zo Citadel da makami, ya mutu a gaban tsohon amininsa. In Wrex ya mutu, ɗan'uwansa Wreav ne a kan mulki, mai ƙishin fansa, sai maganin nan ya zama abin tsoro. In an adana binciken Maelon, almajirin Mordin, a wasa na biyu, Eve, wadda daga jikinta aka samo maganin, takan rayu ta zama linzami ga mazajensu. In an shafe shi, ta mutu. Wanda ya nace a kan cin amana alhali Mordin ya ƙi, sai ya harbe shi ta baya da irin bindigar da Mordin ɗin ya ba shi kyauta a Omega, ya ga likitan yana jan ciki zuwa na'urar da ba zai kai gare ta ba, sa'an nan ya ga Shepard ya jefar da bindigar. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin hikimar marubutanki shi ne, babu hanyar da Mordin zai fita daga Tuchanka da rai sai in Wrex da Eve duk sun mutu, an kuma rinjaye shi ya yarda da yaudarar. Watau ransa ba ya samuwa sai a duniyar da ta riga ta lalace. Alƙaluman da BioWare ya fitar a 2013 sun nuna 92 cikin 100 na masu wasa sun warkar da annobar, ina kuwa da yaƙinin cewa da yawansu ba siyasar taurari suka duba ba, fuskar Wrex suka duba.

Game da fitinar watan Maris na 2012 ba zan tsawaita ba, don an yi ta har an gaji. Jama'a sun kai ƙarshen tafiyar shekara biyar a wasa na uku suka iske ƙofofi uku, ja da shuɗi da kore, waɗanda abin da ke bayansu ya yi kama da juna ƙwarai, suka fusata, har waɗansu suka aika wa BioWare ƙananan kek kimanin 400 masu launi uku da ɗanɗano ɗaya, kamfanin ya ba da su sadaka ga wani gidan kula da matasa, sa'an nan a watan Yuni ya fitar da ƙarin bayani kyauta tare da hanya ta huɗu ga mai ƙin zaɓa. Ni dai shaida ne cewa a wancan zaɓi na ƙarshe ba a yi amfani da ke ba, da ƙafa aka sa Shepard ya taka zuwa ƙofar da yake so, an kuma ba burin Illusive Man, maƙiyin Shepard, launin salihai, an ba burin Anderson, amininsa, launin kangararru, saboda haka duk wanda ya kai ki ƙara a kan wannan, ki kira ni.

Tun da an yi shelar cewa ana shirya wani sabon Mass Effect, bukatata gare ki, in an sake kiranki aiki, ita ce ki faɗa wa iyayen gidanki su bar ki ba launi, su sa ki riƙa faɗin abin da aka aike ki da shi ba ƙari, kuɗin da za su kashe wajen yi mana alkawarin sauya makomar taurari kuwa su kashe shi wajen sa abokan tafiya su riƙa tuna abin da muka yi musu, su yi fushi a inda ya kamata, su ƙi yafewa wani lokaci ko da makinmu ya cika.

A gaishe mini da Tali da Liara da Joker, da kuma Garrus, in ya samu sarari daga daidaita bindigogin jirgi, ko da yake na san abin da zai ce. Haza wassalam.

Naki mai biyayya,
Wani daga cikin masu juya ki.