Ƙuduji Ba Ya Sallama

A Tafashiya manomi zai yi noman firi, ya yi maimai, ya share gumi, wai ya gama da ciyawa. Ƙuduji kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, ya kafa baki a saiwar gero yana tsotso, fartanya na wucewa ta samansa. Sai ya ƙoshi yake leƙowa da furensa mai ruwan hoda, fes, kamar ɗan gayyar biki.

Ka tuge shi bayan ya zubar da iri? Sannu da aiki, Malam: ƙwayarsa takan haura shekara 10 a ƙasa tana jiran ɗanka.

Gara tafasa. Ita in ta ishe ka, uwargida ta yago ganyen, ta dafa, ta kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, yara su kawo maka gona.